Ƙidayar Kaya da Ƙidayar Mutane: Isidore Obot da Tarihin Binciken Shan Giya da Wiwi

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2021 jami'an OCRTIS, hukumar da ke yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi a Nijar, suka kama tan 17 na tabar wiwi a wani ɗakin ajiya a birnin Yamai, kayan da ake shirin wucewa da su Libiya. Ba a cika shekara guda ba, a watan Janairun 2022, aka tare wata mota a jihar Agadas ɗauke da hodar ibilis fiye da kilo 200. Irin waɗannan labarai ne suka riƙa fita duniya game da Agadas, har birnin da aka sani da hasumiyar masallacinsa da fadar Sarkin Abzin da ayarin gishirin Bilma ya koma, a bakin ƴan jaridar waje, zango a kan hanyar masu fasa-ƙwauri.

Sai dai kilo da tan ma'aunin kaya ne. Suna faɗin abin da aka kama a bisa hanya, amma ba sa faɗin ko yaro nawa ne a unguwa ya fara zuƙar wiwi tun bai gama makarantar firamare ba, ko magidanci nawa ne albashinsa ke ƙarewa a gidan giya, balle su faɗi abin da ya kai su. Wannan ƙidaya ta biyu, wato ta mutane, ita ce mai wuya, kuma ita ce aka fi jinkirin farawa a Afirka ta Yamma. Ɗaya daga cikin waɗanda suka duƙufa a kanta shi ne Farfesa Isidore Silas Obot, masanin halayyar ɗan Adam, ɗan asalin jihar Akwa Ibom ta Najeriya, wanda ya aza harsashin aikinsa a garin Jos. Tarihin aikin nasa tarihi ne na yadda maganar maye ta fito daga kotu da asibitin masu taɓin hankali ta shiga zauren gida.

Zamanin Doka da Asibiti

Tun farkon mulkin mallaka, da doka aka fara tunkarar abin sa maye a wannan yanki. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka shata wani fili na nahiyar Afirka, daga layin digiri 20 na arewa zuwa digiri 22 na kudu, suka amince a hana shigar da barasar Turai wuraren da mutanensu ba su saba da ita ba. Agadas, wadda ke wajen digiri 17, tana cikin wannan fili, haka ma ɗaukacin ƙasar Hausa. A kan wannan yarjejeniya Gwamna Lugga ya dogara wajen hana sayar wa ƴan ƙasa barasar waje a Arewacin Najeriya, alhali a Kudu harajinta na cikin manyan hanyoyin kuɗin shigar gwamnati. Burukutu da fito kuwa, waɗanda mata ke dafawa da dawa ko gero a garuruwan da ba na Musulmi ba, sun ci gaba da gudana kamar yadda aka gada.

Ita wiwi labarinta daban ne. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1935 ta riga ta haramta ta a Najeriya, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bazu a birane, abin da aka fi dangantawa da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka komo daga Asiya da Arewacin Afirka. Waɗanda suka fara rubutu a kanta likitocin ƙwaƙwalwa ne na asibitin Aro da ke Abeokuta. Dakta Tolani Asuni ya fitar da nazarinsa a 1964, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya biyo da nasa a 1965, dukansu kuma daga marasa lafiyar da aka kawo musu suka ɗebo hujja. A Kaduna ma, sashen kula da masu taɓin hankali na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi takardun majinyatan da ya karɓa tsakanin 1980 da 1984 don ganin abin da suke sha.

Gwamnatocin soja suka amsa da tsanani. Dokar wiwi ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin aƙalla shekara 21 ga mai nomanta, da ɗaurin aƙalla shekara 10 ga wanda aka kama yana sha, kafin a sassauta ta a 1975. Doka mai lamba 20 ta 1984 ta sa kisa a kan fataucin hodar ibilis, aka kuwa harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985. A ƙarshen 1989 aka kafa hukumar NDLEA.

Aikin likitocin Aro aiki ne na share fage, kuma ya cancanci yabo. Amma takardun asibiti da na kotu suna da rauni guda: waɗanda abin ya riga ya kayar kaɗai suke nunawa. Mutumin da ya zauna a ƙofar ɗakin ɗori yana ƙirga masu karaya zai iya ɗauka duk mai hawa babur ƙafarsa a karye take, kuma ba zai taɓa sanin ko mahaya nawa ne a gari ba. Haka aka daɗe ana tsara doka a kan mashaya ba tare da an san yawansu, ko shekarunsu, ko sana'arsu ba.

Jos: Tambaya Gida-Gida

Obot ya yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Howard da ke birnin Washington na Amurka, ya kuma sami digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma daga Jami'ar Harvard. Haɗuwar fannonin nan biyu ita ta tsara masa hanya. Na farko yana koyar da yadda ake tambayar mutum game da ɗabi'arsa har a sami amsar da za a dogara da ita. Na biyu yana koyar da yadda ake zaɓen ƴan mutane kaɗan ta hanyar ƙuri'a su wakilci al'umma baki ɗaya. A shekarun 1980 yana koyarwa a sashen ilimin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Jos.

Da wuya a sami garin da ya fi Jos dacewa da irin wannan bincike. Haƙar kuza ta tara mutane a can tun farkon ƙarni na 20: Hausawa leburori da ƴan kasuwa, Yarbawa da Ibo ma'aikata, ga kuma Birom da Anaguta da Afizere masu ƙasa, da Angas da sauran ƙabilun Filato. A unguwa guda ana iya samun gidan da giya haramun ce ko a ambato, katanga ɗaya da gidan da burukutu ke cikin gayyar noma da bikin aure da zaman makoki, ga kuma giyar kwalba ta kamfani da ta shigo da tallarta. Hausa ce harshen da ya haɗa su duka a kasuwa.

A ƙarshen shekarun 1980 Obot ya gudanar da bincike gida-gida a yankin tsakiyar Najeriya, inda aka tambayi magidanta game da shan giya da ra'ayinsu a kanta. An buga sakamakon a Jos a 1993, bayan wani nazari nasa kan shan taba a tsakanin manya da ya fito a 1990. Waɗannan na cikin bincike na farko-farko a ƙasar da suka tambayi jama'ar gari masu lafiya a gidajensu, maimakon majinyata ko fursunoni ko ɗaliban makaranta guda.

Aikin ya ci karo da wata matsala da littattafan Turai ba su tanadar mata amsa ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989, mai suna AUDIT, tambayoyi 10 ne, jimillar makinsu 40, kuma wanda ya kai maki 8 ana ɗaukar shansa ya shiga haɗari. Amma tambayoyin sun ginu a kan cewa mutum ya san kofi nawa ya sha, kowane kofi kuma ƙarfinsa sananne ne. To, yaya za a auna abin da mutum biyar suka sha a ƙwarya guda tana zagayawa hannu-hannu? Ƙwaryar wannan gida ba girmanta ɗaya da ta wancan ba, burukutun safe ba ƙarfinsa ɗaya da wanda ya yini yana tsima ba, kuma babu wani ofishin haraji da ya rubuta ko tulu nawa aka dafa. A shekara ta 2000 Obot ya rubuta maƙala musamman a kan wannan batu na auna sha a Najeriya. Darasinta shi ne, kayan awon da aka ƙera a wata ƙasa sai an sake gwada su da mudun gida kafin a yarda da abin da suka nuna.

Abin da bincikensa da na abokan aikinsa ya yi ta nunawa, a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ya saɓa wa zato biyu da aka saba yi. Masu cewa kowa na sha sun yi kuskure, domin kaso mai yawa na jama'a, musamman mata da Musulmi, ba sa taɓawa sam. Masu cewa babu matsala tunda yawancin mutane ba sa sha su ma sun yi kuskure, domin a cikin masu shan akwai da yawa da ke sha mai yawa a zama guda. Idan aka raba giyar ƙasa a kan kowane kai, lissafin zai fito da sauƙi, alhali nauyin yana kan wasu gidaje ƙalilan, kuma a can ake ganin haɗarin mota da dukan iyali da ciwon hanta.

Cibiya da Mujalla

A 1990, shekarar da NDLEA ta fara aiki, Obot ya kafa a Jos wata cibiya mai zaman kanta ta bincike da yaɗa bayani kan shaye-shaye, wadda aka fi sani da CRISA. Cibiyar ta riƙa shirya taro duk bayan shekara biyu, tana haɗa malaman jami'a da likitoci da jami'an gwamnati, tana kuma buga abin da aka gabatar. A shekara ta 2000 ta fara fitar da mujallar nazarin ƙwaya da giya ta Afirka, Obot ne babban editanta. Kafin wannan lokaci, mai bincike a Kampala ko Akara sai ya aika aikinsa Turai ko Amurka, inda ba lalle a ga muhimmancinsa ba, kuma ko an buga shi, ɗan'uwansa na Jos ba lalle ya sami kuɗin sayen mujallar ba. Daga baya cibiyar ta koma Uyo.

Shekarun farko na cibiyar sun zo daidai da lokacin da yaƙi da ƙwaya ya fi zafi. A 1994 Amurka ta cire Najeriya daga jerin ƙasashen da take ganin suna ba da haɗin kai a wannan yaƙi, gwamnatin Janar Sani Abacha kuma ta ɗora Manjo Janar Musa Bamaiyi a kan NDLEA. Aka shiga ƙona gonakin wiwi da ƙwace dukiya da kame ba ƙaƙƙautawa. A 2004 Obot ya fitar da nazari a kan manufofin ƙasar daga 1994 zuwa 2000, jigonsa kuwa shi ne ƙarfin gwamnati ya tafi ga kame da tsare kan iyaka, an bar rigakafi da jinyar mashaya a baya. Bai ce a daina kama ƴan fatauci ba. Abin da ya nema shi ne a auna nasara da abin da ya faru ga masu sha, ba da yawan buhunan da aka cinna wa wuta kawai ba.

Daga Baltimore Zuwa Janeba

A ƙarshen shekarun 1990 Obot ya yi aikin bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore tare da Farfesa James Anthony. Shi Anthony ne, da abokan aikinsa, ya fitar a 1994 da wasu alƙaluma da suka yi suna: a cikin Amurkawan da suka taɓa gwada abu, kimanin kashi 32 cikin ɗari na masu taba sun kamu har ba sa iya bari, kashi 15 na masu giya, kashi 9 na masu wiwi. Wani bincike na ƙasar Suwidin da aka buga a 1987, wanda ya bi samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, ya riga ya nuna cewa waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka marasa sha kusan sau shida wajen kamuwa da ciwon hauka mai tsanani. Idan aka haɗa biyun, za a ga ba kowane mai zuƙa ne ke haukacewa ba, kamar yadda takardun asibiti suka sa aka zata, amma haɗarin gaskiya ne, kuma yana ƙaruwa da yawan sha da kuma fara shi da ƙuruciya.

Nazarce-nazarcen da Obot ya yi da Anthony sun taɓo abin da ya shafi malaman makaranta kai tsaye. Ɗaya, na 1999, ya nuna alaƙa tsakanin barin makaranta da yin allurar ƙwaya a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka. Wani, na 2001, ya nuna cewa ƴaƴan iyayen da giya ta kama sun fi saurin fara taba da giya da sauran kayan maye tun suna ƙanana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa. Binciken ya ƙara da nuna ko wane icce ne ya fi bukatar a kula da shi da wuri.

Daga nan ya yi shekaru yana aiki a hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba, a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. A 2005 shi da Robin Room suka tace wani littafi na hukumar a kan giya da bambancin maza da mata a ƙasashe masu tasowa, irin su Najeriya da Uganda da Indiya da Brazil da Meziko. Babin Najeriya masana na Jami'ar Jos ne suka rubuta shi, alamar cewa irin da aka shuka a can ya tsiro. A 2006, tare da David Jernigan, ya ja hankali ga yadda manyan kamfanonin giya na duniya suka juyo ga kasuwar Afirka, suna ɗaukar nauyin wasanni da kaɗe-kaɗe don su kai ga matasa. A 2010 babban taron Hukumar Lafiya ya amince da tsarin duniya na rage illar giya, wanda ya haɗa da haraji da taƙaita wuraren sayarwa da sa wa talla linzami. Bayan Janeba Obot ya koyar a Jami'ar Morgan State ta Baltimore, sannan ya koma gida, Jami'ar Uyo.

Ƙidayar 2018

Abin da aka fara da ƴan takardun tambaya a Filato ya kai matakin ƙasa baki ɗaya bayan kusan shekara 30. Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya da cibiyar CRISA, da taimakon ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwaya da laifuka da kuɗin Tarayyar Turai, suka gudanar da binciken da aka fitar a watan Janairun 2019. Hukumar Ƙididdiga ta shiga gidaje kusan 39,000. CRISA kuma ta nemo mashaya fiye da 9,000 waɗanda ba a samun su ta ƙofar gida, irin masu kwana a tasha da kango.

Sakamakon ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba. Wannan ya haura ninki biyu na matsakaicin duniya, wanda a lokacin yake kashi 5.6. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe ciwo irin su tiramadol da miliyan 4.6, sai maganin tari mai sa maye da miliyan 2.4. A cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. A cikin kowane biyar, ɗaya ya riga ya kamu. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta fiye da mutum miliyan ɗaya.

Ga ƙasar Hausa wannan magana ce mai nauyi. Tun daga shekara ta 2000 jihohi da dama na Arewa suka hana sayar da giya bisa tsarin shari'a, amma maye ya sake riga ya shigo ta kantin magani, a kwalbar da ba ta wari kuma ba ta ɗauke da sunan giya, har ya kai ga matan aure a cikin ɗakunansu. Sai da BBC ta nuna wani fim na binciken ƙwaƙwaf a ƙarshen Afrilun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Rashin wuraren jinya kuma ya tura iyaye da yawa ga gidajen mari. A watan Satumban 2019 ƴan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Giɓin da Obot ya nuna a 2004 shi ne ya bayyana a wannan rana.

Kammalawa

A 2013 tsohon Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, ya kafa kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwaya a ƙarƙashin Olusegun Obasanjo, Obot kuma ya rubuta wa kwamitin takarda a kan rigakafi da jinya. Rahoton da ya fito a watan Yunin 2014 ya tsaya a kan cewa yankin ya wuce matsayin hanyar wucewa kawai, domin duk inda kaya suka ratsa sai wani abu ya zube, masu dako kuma sau da yawa da kayan ake biyan su. Wannan gargaɗi ya shafi Agadas kai tsaye. Ƙwayar tiramol, wadda likita ke bayarwa a awon miligiram 50 ko 100, ta riƙa shigowa daga Indiya ta tashoshin ruwan gaɓar teku a awon 225 da 250, wanda ke iya jefa mai sha cikin farfaɗiya. Masu neman ta kuwa su ne masu aikin ƙarfi da doguwar tafiya: direba, da ɗan kabu-kabu, da mai haƙar zinari, waɗanda ke cewa don gajiya suke sha.

Nijar tana da dokar yaƙi da ƙwaya tun 1999, tana da hukumar kame, Agadas kuma ta sami jami'a a 2014. Abin da tarihin Obot ke nunawa shi ne aikin ƙidayar mutane bai fara da kuɗin Tarayyar Turai ba. Ya fara ne da malami guda da ɗalibansa da takardar tambaya, kuma sharuɗɗansa ba su sauya ba: a yi tambaya da harshen da mutum ke tunani da shi, Hausa ne ko Tamajak ko Tubanci; a kira abu da sunan da ake kiran sa a tasha; kada a rubuta sunan mai amsa; kada abin da ya faɗa ya isa ga jandarma ko ga mahaifinsa. A garin Musulmi, inda kunya ke rufe bakin mutum kafin tsoron doka, wannan amana ita ce jarin mai bincike. Malamin makaranta shi ne farkon wanda ke lura da yaron da ya fara gyangyaɗi a aji ko ya ɗauke ƙafa, ƙungiyoyin al'adu kuma su ke riƙe da kalmomin da za a yi tambayar da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba rufin.